KWAMFUTA KO PLAYSTATION: WAI SHIN WA YA MALLAKI ABIN DA KA SAYA?

Akwai wata gardama da ta zama ruwan dare a majalisun samari, tun daga Badariya har Gesse a nan Birnin Kebbi, kai har mutanen Argungu ba a bar su a baya ba, wai tsakanin mai buga gem a kwamfuta da mai bugawa a PlayStation wa ya fi wani? 'Yan kwamfuta su ce hotonsu ya fi fita, har gumin ɗan wasa kana gani yana ɗiga. 'Yan PlayStation kuwa su ce kai dai jona waya ka kama fad, ba ruwanka da wahala. Asalin gardamar ba tamu ba ce, daga Turai da Amurka yaranmu suka kwaso ta a YouTube, kuma ni a ganina an bar jaki ne ana dukan taiki.

Bari mu fara sallamar gardamar, don ba ta da wuya. Abin da ke sa hoton kwamfuta ya yi kyau wani allo ne da ake soka mata a ciki, ana ce masa katin hoto, kuma kamfanin Nvidia na Amurka shi ne sarkin masu ƙera shi. A watan Janairun 2025 suka fito da babban katinsu mai suna RTX 5090 a kan dala 1,999. A canjin shekarar, da dala ke wajen naira 1,500, kusan naira miliyan 3 ke nan, katin kawai fa, ba a zo maganar sauran kwamfutar ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024 naira 75,000 ne, wato sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin wata 40 bai ci bai sha ba kafin ya riƙe shi a hannu. To ka ce ma an ba ka shi kyauta, katin nan shi kaɗai yana iya shan wuta wat 575, alhali PlayStation 5 gaba ɗayanta wajen wat 200 take ja. Ƙaramin janareton da ake kunnawa a bakin shago bai kai wat 1,000 ba, ga talabijin, ga fanka. Sannan ka tuna da zafin Afrilu a ƙasar nan da yake haura digiri 40, da ƙurar hunturu da take toshe duk wata kafar iska. Tsadar katin ma ba don 'yan gem aka yi ta ba: a 2020 da 2021 masu haƙar kuɗin intanet ne suka wawashe kasuwar, da wannan ta lafa a 2022 sai masu ƙirƙirarriyar basira suka shigo da buhunan kuɗi. Ɗan gem ya koma ɗan kallo a wajen kamfanin da shi ne ya raine shi.

Saboda haka duk gidan gem ɗin da ka leƙa a garuruwan nan biyu PlayStation za ka tarar, ba don masu shagon ba su san kyan hoto ba. Na'ura ɗaya, fad biyu, benci ɗaya, yaro ya biya kuɗin wasa guda ya buga ƙwallo da abokinsa, wanda aka ci ya tashi. A nan dai PlayStation ta yi kaye, ba sai an kira alƙali ba.

Sai dai mai karatu, mene ne ya ba ta wannan nasara tun farko? Faifai ne. PlayStation 2 da ta fito a 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ba ta tambayarka intanet, ba ta tambayarka sunanka. Ka sa faifai ta karanta, ka gaji da shi ka ba wani aro, ko ka yi musaya, ko ka sayar ka cika ka sayi wani. Mu da muke rubuta littattafai mun san wannan hanya sarai, domin da ita adabinmu ya rayu. Littafi ɗaya da aka buga a Kano sai ya zo hannun mai haya, ya shiga gida goma, amarya ta karanta ta miƙa wa ƙanwar miji, har bangon ya yage a ɗinke shi da zare. Wanda ba ya da kuɗin saye bai rasa karatu ba, don littafin abu ne da ake riƙewa a hannu, kuma wanda ya saya shi ke da iko da shi.

To wannan ikon ne kamfanonin gem suke zarewa a hankali, mu kuma muna can muna musu a kan gumin ɗan wasa. A 2013 kamfanin Microsoft ya fito fili ya ce sabuwar na'urarsa Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, kuma za a sa takunkumi a kan aro da sayar da tsohon faifai. Duniya ta yi musu ca, ba a rufa wata guda ba suka janye. Sony har wani ɗan bidiyo suka yi na shaƙiyanci, mutum ya miƙa wa abokinsa faifai, wai ga yadda ake aron gem a PlayStation 4. Amma da 2020 ta zo, su Sonyn da kansu suka fitar da PlayStation 5 iri biyu, mai cin faifai dala 499, marar ci dala 399, don rahusa ta ja mutane. A 2024 kuwa suka kawo PlayStation 5 Pro a kan dala 699 ba wurin sa faifai, in kana so ka saya daban. Abin da Microsoft ya so yi da gatari aka hana shi, shi ake yi yanzu da reza. Wani faifan ma fanko ne, kamar na Call of Duty na 2022 da abin da ke cikinsa bai kai megabait 100 ba, sauran sai ka sauke gigabait masu ɗimbin yawa da datarka, a ƙasar da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Kada 'yan kwamfuta su yi dariya, don su tuni aka gama da su. Tun da kasuwar Steam ta buɗe a 2003 faifai ya fara ɓacewa a wajensu, kuma gem ɗin da ka saya a can ba ka da halin sayar wa wani. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa dole mai sayarwa ya faɗa maka gaskiya in lasisi kawai yake ba ka, sai ga Steam ta fara rubuta wa masu saye cewa izinin amfani suke biya. Zanen aro dai ba ya rufe katara. In kana ganin wasa ne, tambayi waɗanda suka sayi gem ɗin tseren mota mai suna The Crew na kamfanin Ubisoft. Ya fito a 2014, mutane suka biya kuɗinsu cas, a ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe kwamfutocinsa, gem ya mutu murus, har mai faifai a hannu sai dai ya yi madubi da shi. Wannan ne ya tayar da wani gangami a Turai da ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan 1 a 2025. Ka ƙaddara ka sayi littafina, bayan shekara goma in aiko yaro ya shiga ɗakinka ya ɗauke shi, in ce ai karatu na sayar maka ba takarda ba.

Ƙwallo kuwa, wadda ita ce abincin gidajen gem ɗinmu, nan ne abin ya fi yi mini ciwo. PES da aka taso da ita, Konami ya mayar da ita eFootball a 2021, babu faifai, wai kyauta ce, amma cinikin yana ciki. FIFA ta koma EA Sports FC a 2023, kowace shekara sabon kuɗi. A cikinta akwai sashen da yaro zai biya a ba shi ƙunshin 'yan wasa a rufe, bai san wanda zai fito ba sai ya buɗe, ko gwani ko tarkace. Ƙasar Beljiyam ta kira irin wannan da sunansa tun 2018, ta ce caca ce, har EA ya daina sayar da makinsa a can a farkon 2019. Mu nan uba yana ganin ɗansa da fad ya ɗauka ƙwallo kawai yake bugawa.

Na san wani zai ce ai mu da sauƙi, ana yi wa na'ura fashin kai a loda mata gem ɗari a bagas. Ni dai ba zan yabi wannan ba, don marubucin da ake kwafe littafinsa ana rabawa a WhatsApp ya san zafin satar fasaha. Kuma ba mafita ba ce, domin sababbin gem ɗin rabinsu yana can a kwamfutar kamfani, babu abin da za ka kwafa.

Kwamfuta tana da ranarta, ban hana ba. Ɗalibin Waziri Umaru ko na Kwalejin Adamu Augie da ke da kuɗin abu ɗaya tak, gara ya sayi laftof ko ta hannu ce, ya yi aikin makaranta da rana ya taɓa gem da dare. Amma mai shirin zuba jarinsa a gidan gem, ko uban da zai saya wa 'ya'yansa, ya bar zancen kyan hoto ya tambayi mai kaya abu biyu kafin ya ƙirga kuɗi: tana cin faifai? Kuma in an cire mata intanet wata guda, gem ɗin zai tashi? In amsar ta zo da inda-inda, tsohuwar PlayStation 4 mai faifai ta fi masa, ko da kuwa yaran unguwa za su ce ta tsufa.