Zuwa Ga Gwamna Nasir Idris, Kan Zancen Wutar Tokamak



Ni malamin kimiyya ne a Kamba. Makon jiya wani ɗalibina ya miƙo mini wayarsa, wai ga injin da ke kwaikwayon rana. Ya ce, "Malam, ashe wahalar wuta ta kusa ƙarewa?" Tambayar ta tsaya mini a rai, domin irin wannan zance yana iya isowa teburinka wata rana, da takardar yarjejeniya a hannu.

Injin nan sunansa tokamak, tukunya ce mai siffar zobe. Ana gasa iskar haidirojin a cikinta har zafi ya kai digiri miliyan 150, maganaɗisu na riƙe da ita kada ta taɓa bango, sai ƙwayoyinta su haɗe su saki zafi. Ilimi ne na gaske, ina girmama masu shi. Amma har yau babu tokamak ɗin da ta kunna ƙwan lantarki ko ɗaya a gidan wani. A 2023 injin tokamak na JET da ke Ingila ya yi abin da ba a taɓa yi ba: megajul 69 cikin daƙiƙa 5. A mitar gida, yunit 19 ke nan. Shi ma zafi ne, ba lantarki ba, kuma wutar da injin ya sha ta fi haka nesa ba kusa ba. Tokamak ta ITER da ake ginawa a kudancin Faransa, tun 2006 aka sa hannu a kanta, yanzu an ɗage babban gwajinta zuwa 2039, kuma ba don sayar da wuta aka ƙera ta ba.

Ranka ya daɗe, daga Birnin Kebbi wuta ke tsallaka iyaka har Yamai, amma manomin shinkafa a fadamar Bagudo da jarkar fetur yake tayar da injin ban ruwa. Masuncin Dole Kaina yana karya farashin kifinsa kafin azahar saboda babu ƙanƙara. Ranar da ke gasa mu a watan Afrilu ta isa ta yi waɗannan ayyuka, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu.

Roƙona biyu ne. A sa kuɗin jiha a ƙananan tashoshin sola na garuruwan bakin iyaka, da masu gyara 'yan gari. Sannan yaran nan masu tambaya, a ɗauki nauyinsu su karanta kimiyya a jami'ar Aliero, su wuce cibiyar binciken makamashi ta Zariya, inda ƙaramin injin nukiliya ke aiki tun 2004. Ɗalibin nan nawa bana zai gama sakandare.

Naka mai biyayya,
Wani malami daga Kamba