Ba Ƙarfi Ke Kama Tarwaɗa Ba

Da yawa daga cikinku, ku yara masu karanta wannan littafi, kuna zaune kusa da kogi. Waɗansu suna bakin Kwara, waɗansu bakin Binuwai, waɗansu kuma bakin kogin Rima ko na Haɗeja. Na san ba wuya a sami wanda ya taɓa ɗaukar sandar fatsa ya tafi neman tarwaɗa. Na kuma san yawancinku kun sha dawowa gida hannu wofi. To, yau ina so in gaya muku abin da nake gani shi ne dalili.

Wata rana ina rangadin makarantu a ƙasar Yawuri, sai na sauka a wani ƙauye na bakin Kwara. Da la'asar sakaliya na fita shan iska. Na tarar da wani yaro ɗan shekara kamar 11 zaune a gindin wata bishiya yana fatsa. Ya haƙo tana cike da gwangwani, uwarsa kuwa tana gida tana jiran abin sawa a miya. Na tsaya ina kallonsa. Da ɗan karan da ya ɗaura a zarensa ya motsa, sai ya fizgi sanda da iyakar ƙarfinsa, ƙugiya ta tashi sama ba kifi ba tana. Haka ya yi ta yi har tanarsa ta kusa ƙarewa. Sau ɗaya ma ƙugiyar ta maƙale a reshen bishiya, saura kaɗan ta kama kunnensa.

Can sai ga wani tsoho masunci ya zo wucewa. Yaron ya ce, "Baba, kifin nan yau sun fi ni wayo." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Jikana, ba wayo suka fi ka ba. Kai ne kake ƙwace musu abinci tun ba su kai baki ba. In ka yi baƙo, kakan janye akushi yana cikin wanke hannu?"

Ni a ganina tsohon nan ya faɗi gaskiya. Abin da ke hana mai koyon fatsa kama tarwaɗa ba rashin ƙarfi ba ne, ba kuma rashin sa'a ba ne. Gaggawa ce. Wanda ya san lokacin da ya kamata ya ɗaga sanda, shi ke cin kifi.

Domin ku gane haka, sai ku fara sanin halin tarwaɗa. Kifi ce mai faffaɗan kai da faffaɗan baki, jikinta sulɓi, ba ɓawo. Tana da gashin baki guda 8. Idanunta ƙanana ne, ruwan da take zaune ciki kuwa sau da yawa mai laka ne. Saboda haka ba da ido ta fi neman abinci ba. Da gashin bakin nan take lalube tana ɗanɗanawa a ƙarƙashin ruwa, ta fi kuma fita kiwo da magariba da dare. Haƙoranta ƙanana ne ƙwarai, a jere kamar ƙaiƙayi, na riƙewa ne ba na yanka ba. Kanta ƙashi ne mai tauri. Wurin da ƙugiya ta fi kamawa sosai shi ne gefen baki, inda akwai nama mai ƙwari.

To, in tarwaɗa ta zo wa tana, yawanci abu 3 ke faruwa bi da bi. Da fari za ka ga ɗan karan da ke bisa ruwa yana rawa kaɗan kaɗan. Wannan taɓawa ce kawai. Watakila ma ba tarwaɗa ba ce, ƙananan kifaye ne ke tsattsagar tanar. Kada ka motsa. Na biyu, za ka ga karan ya nutse ya taso, ko ya kwanta ya tsaya cik. Ta ɗauki abincin a baki ke nan, amma ba ta riƙe shi sosai ba. Har yanzu ka daure. Na uku, sai karan ya nutse ya ƙi tasowa, zare ya miƙe yana tafiya gefe guda, ka ji nauyi a hannunka. Ta juya ke nan za ta koma maɓoyarta da abin da ta samu. To, yanzu ne lokacinka.

Ko a wannan lokaci ma ba fizga ake yi ba. Ka riƙe sanda da hannu biyu, ka ɗaga ta sama da ƙwari a tashi ɗaya, kamar mai ɗaga tulu cike da ruwa, ba kamar mai dukan jaki ba. In kifin ya nufi dama, ka karkata hagu. In ya nufi hagu, ka karkata dama. Tafiyarsa da ɗagawarka su za su haɗu su jawo ƙugiya zuwa gefen baki su kafa ta. Da ka ji ta kafu, kada ka bar zare ya yi sako-sako ko kaɗan, gama nan ne kifi ke girgiza kai ya tofar da ƙugiya. Kada kuma ka ce za ka cillo shi tudu. Ka bar shi ya gaji, sa'an nan ka jawo shi sannu zuwa gaɓa.

Amma fa ɗagawa mai kyau ba ta da amfani in ba a yi shiri mai kyau ba. Kafin ka jefa ƙugiya, ka duba abu 3. Na ɗaya, tsininta. Ka ja shi a hankali bisa farcen babban yatsanka. In ya kama farce, yana da kaifi. In ya zame, ka wasa shi da dutse. Na biyu, yadda ka sa tana. Yara da yawa sukan rufe ƙugiya ruf da abinci, wai don kada kifi ya gani. Kuskure ne. Tarwaɗa ba ta damu da ganin ƙarfe ba. Ka bar tsinin da ɗan kunnen nan nasa irin na kibiya a waje, don su sami hanyar shiga nama. Na uku, zare. In ya yi lanƙwasa bisa ruwa, sai ɗagawarka ta ƙare wajen miƙe shi, ba ta kai ga kifi ba. Ka riƙa tattara shi har ya zama kusan a miƙe.

Akwai kuma wata irin ƙugiya da ake sayarwa, wadda tsininta ya lanƙwaso ciki har ta yi kamar zobe. Ita wannan ba a ko ɗaga mata sanda da sauri. In ka fizga, sai ta zame ta fita. Abin da take so shi ne ka bar kifi ya tafi, kai kuwa ka ja zare a hankali har ya yi tauri. Da kanta za ta juya ta kama gefen baki.

Na san wani zai ce, "Malam, in haƙuri ne maganin abin, ai sai in yi ta jira har kifi ya kama kansa." A'a. Jiran da ya wuce kima shi ma ɓarna ne. In ka daɗe, tarwaɗa takan haɗiye ƙugiya har ciki. Sai ka sha wuya kafin ka cire ta. In kuwa 'yar ƙarama ce wadda ya kamata a mai da ita ruwa ta girma, ka kashe ta a banza. Ko kuma ta shige cikin saiwoyi da zarenka, ka rasa kifi ka rasa ƙugiya. Haƙurin da nake nufi shi ne na mai lura, ba na mai gyangyaɗi ba.

Wani kuma zai ce, "Ai su rabo ne." Gaskiya ne, arziki na Allah ne. Amma ku dubi Sarkawa da Kabawa. A Argungu, inda aka fara babban bikin kamun kifi tun 1934, ba wanda yakan shiga ruwan Matan Fada da koma da gora sai ya koyi riƙonsu tukuna. Haka fatsa take. Mutum yakan yi nasa, sa'an nan ya jira rabonsa. Wanda ya zauna wuri guda da gwani, da tana iri ɗaya, gwani ya kama 5 shi bai kama ko ɗaya ba, kada ya ɗora wa rabo laifi. Ya dubi hannunsa.

Ga shawarata. Ran da ka tafi fatsa, ka riƙa ƙidaya. Cikin ɗagawa 10, sau nawa ƙugiya ta kama? In ta taso ba kifi, ka yi sauri, sai ka ƙara jira. In ka tarar da ita can cikin maƙogwaro, ka yi jinkiri, sai ka rage. Ta haka hannunka zai koyi abin da littafi ba ya iya koya masa.

Kada kuma ku manta da lafiyarku. Kada yaro ya tafi kogi shi kaɗai, ko ba da sanin iyayensa ba. Ku zauna a gaɓa, ku bar shiga ruwan da ke kwance, gama a nan ake ɗaukar tsargiya. In kun kama tarwaɗa, ku lura da ƙayoyin nan biyu masu tsini da ke gefen kanta, sukarsu da zafi.

Yaron nan na bakin Kwara ya ji maganar tsoho. Da sauran tana 3 da suka rage masa, ya zauna shiru, kara na rawa yana cije leɓe. Ta farko ya makara. Ta biyu ya ɗaga daidai, sai ga tarwaɗa mai tsawon kamu guda tana birgima a kan yashi. Ya ɗauke ta ya ruga gida, ko sallama bai yi mana ba.

Tambayoyi

1. Da me tarwaɗa take neman abincinta?
2. Faɗi abu 3 da ke faruwa in ta zo wa tana.
3. Don me ba a rufe tsinin ƙugiya da abinci?
4. Wace ɓarna ke cikin jiran da ya wuce kima?