Zuwa ga masu shirya fina-finan gaskiya na talabijin, kafin ku nufi Makoɗa



Na lura ba kwa tuna hanyar Dambatta sai a watan Agusta, in ruwa ya yi gyara, katangu sun zube, gero ya kwanta. Ku ɗauki tsohuwa ta yi tagumi a kan ɓaraguzan ɗakinta, ku ɗora kiɗan tausayi, kafin magariba kun koma Kano. Da rani kuma ku nemo fako da busasshiyar bishiya, ku ce hamada ta cinye arewa.

Sai tauraron shirin: matashi daga birni, da digirinsa da dashen itatuwa a bayan mota, ya zo ceto ƙauye. Ba na raina himmarsa, duk wanda ya bar birni ya tare a Koguna, a ƙasar Makoɗa, ya yi ƙoƙari. Amma gonar da kuke nuna shi a ciki, ta wa ce? A ƙasar Makoɗa babu dajin da baƙo zai sare. Gona na jikin gona, kowace da magadanta. In ya samu wurin shuka, wani ne ya ba shi aro ko haya ko jingina, mai unguwa ya tsaya masa. Mai gonar nan ba ma ganinsa a shirinku, sai dai yana riƙe wa baƙo bokiti.

Tun farin 1973 kyamarorin Turai ke wannan kallon. Amma Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya daɗe yana bin gonakin kewayen Kano, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ba ta mutu ba. Taki ne ake kaiwa a mangala tun da rani, a haɗa gero da wake, a bar gawo a tsaye, a adana harawa don awakin da za su sake ba da takin. Wa ya hana ku ɗaukar wannan?

Akwai kuma samarin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, suna ƙodago a gonakin mutane. Ku nemi izininsu kafin ku nuna fuska, don suna da 'yan uwa a can. Kada ku sa wani ya maimaita kuka wai sauti bai fita ba.

Ku dawo da kaka, ku kwana, ku tambayi tsohuwar nan wa ya tayar mata da katanga.