Gansakuka da Watil: Wa Zai Kare Abin da Ba Shi da Suna?

'Yan'uwa ɗalibai, wani zai ce me ya haɗa ɗalibin harshe da tsirrai? Ni kuwa a ganina, sanin suna shi ne matakin farko na kare kowace halitta, kuma suna aikinmu ne.

Mu ɗauki watil, ɗan itacen ƙasar Ostireliya. Dangin wake ne, yana fure, yana 'ya'ya cikin kwanso, kuma ire-irensa sun kusa 1,000 a can. A 1988 aka mai da furen ɗaya daga cikinsu alamar ƙasa. Har jayayya aka yi a kan sunansa: a taron masana tsirrai na duniya na 2005 aka bar wa na Ostireliya sunan Acacia, aka sake tabbatarwa a 2011. Dalilin ke nan bagaruwarmu ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara ta zama Senegalia senegal.

Sai gansakukar ƙasashen ƙanƙara na ƙuryar arewacin duniya. Ba ta fure, ba ta iri, ba ta da saiwa ta gaske. Da wasu ƙwayoyi kamar ƙura take yaɗuwa. Amma ita ce bargon da ke rufe daskararriyar ƙasa, yana rage mata narkewa. A 2013 masana a Kanada suka ba da rahoton cewa gansakukar da ƙanƙara ta binne kimanin shekara 400 a tsibirin Ellesmere ta sake tsirowa. Duk da haka, ba mu ji duniya ta ɗauki zafi a kan sunanta ba.

Bambancin a fili yake: watil yana da gata, gansakuka ba ta da shi. Gaskiya ne suna kaɗai ba ya hana gatari, amma abin da ba a rarrabe shi ba, ko ya ɓace ba mai lura. Mu kanmu, koren da ke bisa kududdufi da na jikin katanga duk gansakuka muke ce musu, alhali ba halitta ɗaya ba ce.

Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa cikin littafi. Shawarata ita ce, idan an tafi hutu kowa ya zauna da masu magani, makiyaya da tsofaffin gidansu, ya rubuto sunaye goma da amfaninsu. Idan tsofaffin suka kau ba mu tambaya ba, laifin namu ne.