SA'A 200 A SAMA, SHEKARU A ZAUNE: WA AKE RUƊI DA LISSAFIN TUƘIN JIRGI?

Duk ɗan kasuwar Tasawa ya san ba a ƙulla cinikin buhun wake da jin farashi kawai, sai an kwance bakin buhu an tura hannu har ƙasa. To, ranar da ɗansa ya ci jarrabawar bak ya ce shi tuƙin jirgin sama zai koya, cinikin da zai ci miliyoyin sefa masu yawa, wace tambaya uban zai yi? Sa'a nawa ake bukata, nawa za a biya. Nan kuwa ramin yake, domin masu tallar makarantu da wannan lissafin sa'o'i suke farauta.

Bari mu baje hanyoyin a faifai. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, wadda Nijar ke cikinta, ita ce ta aza ma'auni mafi ƙanƙanta. Mai son lasisin tuƙin ƙashin kai, wanda ba a cin abinci da shi, sa'a 40 ta ishe shi. Mai son lasisin sana'a, wanda ake biyan mutum albashi da shi, sai ya cika shekara 18 da sa'a 200 a sama. In kuwa ya bi tsararren shiri na makarantar da hukuma ta amince da ita, 150. Cikinsu dole akwai tafiya guda ta kilomita 540, shi ne shugaban jirgi, da sauka a filaye biyu dabam: kwatankwacin nisan Yamai da Maraɗi ke nan a miƙe. Lasisin ƙoli, na jagoran babban jirgin fasinja, sa'a 1,500 ne da shekara 21.

Daga nan hanya ta rabu uku. Ta farko ita ce ta daki-daki: yaro ya sami ƙaramin lasisi, ya riƙa sayen sa'o'i gwargwadon aljihun ubansa har ya kai 200. Sauƙinta biya kaɗan-kaɗan, illarta kuwa duk damanar da ba ta yi kyau ba karatu ya tsaya, hannu ya yi sanyi, sai an sake biyan kuɗin maimaici. Ta biyu ita ce ta dunƙule: makaranta guda, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba yankewa. A tsarin Turai wannan shiri sa'a 195 ne na tuƙi da 750 na karatun aji, kuɗinsa kuma a dunƙule ake nemansa. Ta uku ita ce aikin soja, inda ƙasa ke biya; ta nan Ouma Laouali ta bi har ta zama mace ta farko mai tuƙin jirgin sojan Nijar a 2015. Sai dai ƙofa ce ƙunƙunta, bukatar runduna ke buɗe ta, wanda ya shiga kuma ya ba da shekarunsa.

Amurka tana da nata lissafi: sa'a 250, ko 190 a makaranta mai tsararren shiri. Daga 2013 ta wajabta wa mataimakin matuƙi ma a kamfanonin fasinja lasisin ƙoli, tare da rangwame ga tsofaffin sojoji, 750, da masu digirin fannin, 1,000. Dokar ta biyo bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a 2009, inda mutum 50 suka halaka. Abin lura, matuƙan nan biyu kowannensu ya riga ya wuce sa'a 1,500. Ashe tarin sa'a bai maye gurbin horo nagari. Haka kuma ƙarancinta ba rangwame ba ne: wanda ya ce maka makarantarsa ta fi araha don 150 take nema, tambaye shi abin da ke cikin 150 ɗin.

Ga abin da ba a faɗa wa uba. Lasisin sana'a shi kaɗai bai zaunar da kowa a kujerar jirgin fasinja. Sai an ƙara shaidar tuƙi da na'urori lokacin da ido bai ganin komai, abin da duk wanda ya san hazon hunturu a ƙasar nan zai fahimta; sai ta jirgi mai inji biyu; sai Ingilishi mataki na 4, wanda OACI ta wajabta tun 2008, alhali ƴaƴanmu da Faransanci suka tashi; sai kuma shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgi guda, kamar Boeing 737 ko ATR 72, mai cin nata miliyoyin. Takardar da aka samo a waje ma sai hukumar ANAC ta tantance ta. Kafin duka waɗannan akwai gwajin likita aji na ɗaya, wanda ciwon ido ko na zuciya ke iya rushe mafarkin gaba ɗaya. Wanda ya biya makaranta kafin ya ga likita ya sayi doki a cikin duhu.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. A 2013 gwamnatin jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi. Sun dawo da lasisi, amma da yawansu suka share shekaru ba su sami jirgin tuƙawa ba, domin kamfanoni ƙwarewar samfuri da ƙarin sa'o'i suke tambaya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Mu fa? Tun 1963 makarantar EAMAC ta ASECNA take Yamai, tana yaye wa ƙasashen Afirka masu ba jirage umarni daga ƙasa, da masana yanayi, da masu kula da na'urori. Abin alfahari ne, amma matuƙi ba ya cikin abin da take yayewa. Air Niger ta mutu, Air Afrique ta bi ta a 2002, matakalar da sabon matuƙi zai taka ya tara sa'o'i ta karye tare da su. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964 take kuma horar da matuƙa, ta fi Yamai kusa da Tasawa nesa ba kusa ba. Me ya hana ɗan malamin makaranta na Mayahi ya san da ita, balle ya sami hanyar shiga?

Abin da muke nema a fili yake. Duk kuɗin ƙasa da za a kashe kan horar da matuƙi, a fara da jarrabawar gasa wadda za a yi shelarta a rediyo da Hausa, a rubuta ta a Maraɗi da Damagaram kamar yadda ake rubutawa a Yamai, don kada guraben su ƙare a falon manya. A yi gwajin likita kafin a fitar da dala ɗaya. A ƙulla yarjejeniya a rubuce har zuwa ƙwarewar samfuri, tare da kamfanin da zai ɗauki yaron, shi kuma ya biya ƙasa da shekarun aiki. Gara a kai goma har kujera da a zubar da ɗari a rabin hanya.

Ku kuma ƴan kasuwa, kafin ku sayar da gona ko ku taɓa jari, ku tambayi makaranta abu guda: ɗalibanku na bara, ina suke tuƙi yau? In an fara kame-kame, ku ɗaure bakin jakarku. Masu mulki kuwa da ke mafarkin jirgi mai tutar Nijar, su tuna ana sayen jirgi cikin wata guda, jagoransa kuwa sai an yi shekaru ana reno. Ba a fafe gora ranar tafiya.