Dashen ƙoda: shin dattijo zai iya ba ɗansa ƙodarsa?

A Badarawa da sauran unguwannin Kaduna, gidan da ke da mai wankin ƙoda ya san nauyin abin: zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, kuɗi na ta fita, majinyaci na ta ramewa. Da likita ya ambaci dashe, sau da yawa uba ko uwa ko kawu ne ke fara cewa a ɗauki tasa. Sai 'yan uwa su ce ai ya tsufa.

Maganar ta ƙara tasowa ne saboda doka ta tsananta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, kuma a 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin dashe. Hukuncin da kotun Landan ta yanke wa Sanata Ike Ekweremadu a 2023, kan kai wani matashi don a cire masa ƙoda, ya nuna inda neman ƙodar bare ke iya kai mutum. Hanya mafi aminci ita ce a duba cikin dangi.

Shekaru kaɗai ba sa hana mutum bayarwa, gwaji ne ke yanke hukunci. A cibiyoyi irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda a 2002, ana duba rukunin jini da dacewar jikin mutanen biyu, da ƙarfin tacewar ƙoda, da furotin a fitsari, da hawan jini, da ciwon sukari, da lafiyar zuciya, da ciwon hanta da HIV, sannan a ɗauki hoton ƙodojin.

Ta wata fuskar, dattijo mai ƙoshin lafiya ya fi matashi dacewa. Wanda ya kai 60 babu sukari, babu ciwon ƙoda, jikinsa ya riga ya nuna halinsa. Ɗan shekara 25 kuwa yana da doguwar rayuwa a gaba da ƙoda ɗaya, kuma idan cutar ta gado ce, tana iya bayyana daga baya.

Amma akwai abin lura. Ƙarfin ƙoda na raguwa da tsufa. Bayan tiyata, ƙodar da ta rage takan kai kusan kashi 70 cikin 100 na aikin biyun, kuma dattijo yakan fi jinkirin murmurewa. Ƙodarsa ma ba lalle ta daɗe a jikin matashi kamar ta ƙaramin mutum ba. Duk da haka, ga mafi yawan majinyata ta fi zama kan injin wanki.

Abu na ƙarshe shi ne yarda. Kunya da matsin dangi ba yarda ba ne. Mai bayarwa na da 'yancin ganin likita shi kaɗai, da 'yancin fasawa har ranar tiyata.

Wanda ya bayar zai riƙa auna jini da fitsari duk shekara, ya guji diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen gargajiya, ya kuma tuntuɓi likitansa kafin ya koma azumi. Idan kuna wannan shawara a gida, ku fara da awon hawan jini da sukari a asibiti mafi kusa, sannan ku nemi likitan ƙoda.