Harajin Da Ba Shi Da Rasit

A shekarar 1979, sa'ad da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama Gwamnan Jihar Kano, ya soke haraji da jangali. Dattawan Rano da Kibiya har yanzu ba su manta da murnar da aka yi ba. Tun daga ran nan mutane da yawa suka ɗauka talakan ƙauye ya rabu da biyan haraji ke nan har abada. Wannan zato kuwa kuskure ne babba. Akwai wani haraji wanda ba a soke ba, kullum ma ƙaruwa ya ke yi, kuma babu gidan da ba ya shiga, daga Rurum har Tarai. Sunansa kuɗin kwastan, watau kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga ƙasashen waje.

Ya kamata mai karatu ya gwada shi da harajin dā, domin ya ga wanda ya fi nauyi. A zamanin En'e, mai unguwa ya kan ƙidaya magidanta, malamin haraji ya rubuta, dagaci ya tara, hakimi ya kai Baitulmali. Kowa ya san abin da aka yanka masa, in ya biya a ba shi rasit ya adana. Makaho da gurgu da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a kan ɗauke musu. Harajin nan yana da aibinsa, an kuwa sha zalunci wajen karɓarsa, shi ya sa aka yi murna da tafiyarsa. Amma a fili ya ke, mutum ya san ranar da za a zo, ya san kuma ƙofar da zai kai kuka. Kuɗin kwastan ba shi da ƙidaya, ba shi da rasit, ba ya ɗauke wa kowa. Gwauruwar da ta sayi sukarin da za ta zuba a kunun marayunta ta biya, ko da ya ke ba ta taɓa jin sunan Apapa ba.

To, yaya kuɗin da aka karɓa a bakin teku a Ikko ke fitowa daga aljihun mutumin Kibiya? Ga misali, mai karatu ya ɗauki fensir ya bi lissafin da kansa. A ce wani attajiri ya sayo kaya na naira 100,000, suka iso tashar jiragen ruwa. Kwastan suka ce sai ya biya kashi 20 cikin 100, watau naira 20,000. Ya biya, ya rubuta a littafinsa cewa kaya sun tsaya masa 120,000. A kan wannan jimla zai ɗora ribarsa. A ce shi, da babban ɗan kasuwa na Kano da ya sara a hannunsa, da mai tebur na Rano, kowannensu ya ɗora kashi 10 cikin 100. Kayan za su iso hannun mai saye a kan naira 159,720. Da babu kuɗin kwastan, da ribar nan iri ɗaya, za su iso a kan 133,100. Bambanci ya zama 26,620. Ashe gwamnati 20,000 ta karɓa, amma talaka 26,620 ya biya, domin harajin haihuwa ya ke yi a hanya. Attajiri kuwa bai yi asarar ko kwabo ba, rance kawai ya yi wa mai saye, ya karɓi abinsa da ƙari. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Misalin nan ma an sauƙaƙa shi. Jadawalin da ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da shi, wanda Nijeriya ta fara aiki da shi a 2015, ya kasa kaya aji biyar: na kyauta, da na kashi 5, da 10, da 20, da 35. Bayan wannan Nijeriya ta kan ƙara nata kuɗin na musamman a kan abubuwa kamar shinkafa da sukari da alkama. Sa'an nan ga harajin saye da sayarwa, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairu na 2020, shi ma ana karɓarsa a kan kayan shigowa bayan an riga an haɗa su da kuɗin kwastan, watau haraji a kan haraji. Har ila yau, da dala a ke ƙimanta kayan kafin a juya su naira. A farkon 2023 kwastan suna lissafin dala ɗaya wajen naira 422, a Fabrairun 2024 lissafin ya wuce 1,400. Ba a sake ko harafi ɗaya a jadawalin ba, amma abin da a ke biya ya ninka fiye da sau uku. A 2023 Hukumar Kwastan ta tara naira tiriliyan 3.2, a 2024 ta tara tiriliyan 6.1, aka yi ta yabo a gidajen rediyo. Mai hankali sai ya tambaya, daga aljihun wa? Yana cikin kuɗin tayar babur da ɗan acaɓa ya saya, da kwanon rufin da magidanci ya ƙwallafa rai a kai shekara uku, da yadin da aka ɗinka wa yara ran salla.

Masu goyon bayan wannan haraji suna da hujja, kuma ba daidai ba ne a ƙi sauraronta. Su kan ce, in aka tsananta wa kayan waje, sai na gida su sami kasuwa, manomi da masaƙi da ma'aikacin masana'anta su ci abinci. Magana ce mai daɗin ji. Amma gani ya kori ji, an kuwa gwada abin nan a ƙasar nan ba sau ɗaya ba.

An gwada shi a kan alkama. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita ƙwata-ƙwata, don a noma ta a wurare irin su Kadawa. Burodi ya yi tsada, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, a 1992 aka janye dokar. Yau ma mafi yawan alkamar da a ke ci a ƙasar nan daga waje ta ke zuwa, da kuɗin kwastan a kanta. An gwada shi a kan tufafi. Shekara da shekaru aka tsare ƙofa don a kāre masaƙun gida, duk da haka masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe, babbar masaƙar Haɗin Kan Nijeriya ta bi bayanta a 2007, na Kano ma da yawa suka mutu. Rashin wutar lantarki da tsufan injuna da ƙarancin auduga mai kyau su ne ciwon, kuɗin kwastan kuwa ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Atamfar waje ba ta daina cika Kantin Kwari ba, sai dai ta canza hanya.

An kuma gwada shi a kan shinkafa, nan ne abin ya fi shafar ƙasar Rano. A 2013 aka ɗaga kuɗin shigo da ita har kashi 110 cikin 100, watau harajin ya fi kuɗin shinkafar kanta. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da ita dala, a 2016 aka hana ta shigowa ta kan tudu, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 aka rufe iyakokin ƙasa. Gaskiya ne noman shinkafa ya ƙaru, injunan casa sun yawaita a Kano, wannan ba abin musu ba ne. Amma sai a dubi yadda ribar ta rabu. In shinkafar waje ta yi tsada, ta gida ma sai ta bi ta, domin babu mai sayar da kayansa da araha alhali yana ganin maƙwabcinsa ya tsawwala. Ƙaramin manomi kuwa da kaka ya ke sayarwa, sa'ad da bashi ya matsa kuma kasuwa ta cika. Mai babban sito shi ke sayewa ya kulle, ya jira damina. Mutumin Kibiya da ya noma dawa da masara da gyaɗa, shi mai sayen shinkafa ne ran suna da ran biki da ran salla, tsadar duka a kansa ta ke sauka. A gida ɗari da ke cin shinkafa, nawa ne ke da ita ta sayarwa?

Akwai kuma wanda ya fi kowa jin daɗin tsananin kwastan, shi ne ɗan fasa-ƙwauri. Da Nijeriya ta toshe ƙofarta, jiragen shinkafa suka koma sauka a Kwatano. Gwamnatin Benin ta karɓi nata kuɗin, kaya suka hau mota zuwa Nijar, suka gangaro ta wajen Maraɗi da Jibiya cikin dare, a kan babura da tsofaffin motoci. Kowane shinge da aka wuce da abin da aka ajiye, duk kuma a kan buhun a ke ɗora shi. Ta haka mai saye ya biya tsada, Baitulmalin ƙasarsa bai ga ko anini ba.

Wani zai ce, ai an ga abin da ya faru da aka buɗe ƙofa. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗauke kuɗin kwastan na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko, manoman Bunkure da Kura da sauran wurare suka koka, domin sun sayi taki da tsada sun sayar da amfani da araha. Kukan nan na gaskiya ne, ba a raina shi ba. Sai dai ya tabbatar da magana biyu. Ta farko, da aka sassauta harajin abinci ya sauko, ashe dā can harajin yana cikin abin da ke riƙe da shi a sama. Ta biyu, ciwon manomi tsadar noma ce, da kuma hukuma mai rufe ƙofa bana ta buɗe baɗi ba tare da gargaɗi ba, bayan mutum ya riga ya zuba dukiyarsa a ƙasa. Manomin da ya sami taki da ruwa da hanya da sauƙi ba ya tsoron shinkafar da ta yi wata guda a kan teku. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta yi wa manomin kudancin Kano abin da duk dokokin kwastan ba su yi masa ba, ba ta kuwa ƙara wa kowa kuɗin tuwo ba.

Tarihi ma ya riga ya yi wannan gargaɗi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Sarki Kumbari, wanda ya tsananta karɓar kuɗi a Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tashi suka koma Katsina. A Ingila, a 1815, masu manyan gonaki suka sa aka yi dokar tsare hatsin waje, burodin ma'aikata ya yi tsada shekara talatin, sai da jama'a suka tashi tsaye aka soke ta a 1846. Ita Rano kanta, ai da Kano a ke kiransu sarakunan baba. Rinin ƙasar nan da saƙarta sun kai Azbin da Barno saboda kyawunsu, hanya kuma a buɗe. Da kowane sarki na kan hanya ya ce sai an ba shi fiye da kuɗin turmin kafin ya wuce, da karofi ya bushe tun tuni.

Ba a ce gwamnati ta zauna ba kuɗin shiga ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai shigo da motar alfarma da agogon zinariya da turaren Faransa, a karɓa a hannunsa da kyau, yana da hali. Abin da a ke nema uku ne. A sauƙaƙa kuɗin kwastan a kan abinci da kayan aikin talaka, kamar yadda dokar kuɗi ta 2020 ta rage na motar noma daga kashi 35 zuwa 5, kuma sama ba ta faɗo ba. In lalle sai an kāre wata masana'anta, a yanka mata wa'adi a rubuce, a faɗi abin da za ta yi cikin wa'adin, in ta kasa a janye, domin yaron da aka goya har ya yi gemu ba zai koyi tafiya ba. Sa'an nan in za a sake doka a kan abin da a ke nomawa, a faɗa tun kafin shuka.

Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ya sami makamin da kakanninsa ba su samu ba, ya iya karatu, ya iya lissafi. Rano da Bunkure da Kibiya wakili ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, a can kuwa a ke zartar da dokokin kuɗi. Ran da mai neman kujerar nan ya zo ƙofar gida da alkawarin rijiya da buhun shinkafar rabo, ya kamata a karɓe shi da mutunci, a shimfiɗa masa tabarma, sa'an nan a tambaye shi: a cikin kuɗin buhun nan nawa ne na kwastan, wa ya ci ribarsa, kuma yaushe za a sauke wa jama'a shi? In ya san amsa, ya faɗa a gaban kowa. In bai sani ba, ya koma ya tambayo kafin ranar ƙuri'a. Mutanen da suka ga an soke harajin da ke da rasit ba su da dalilin yin shiru a kan wanda ba shi da shi. Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya sa wa talakawa albarka a cikin abin da suka noma, amin.